Daga Kano zuwa Akra da Motar Gida: Takardu, Iyakoki Uku da Dokokin Hanya

Tsakanin Legas da Akra tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, ko rabin Kano zuwa Legas ba ta cika ba. Amma a wannan ɗan tsakanin za ka taka ƙasa huɗu, ka tsallake iyaka uku, kuɗin aljihunka ya sauya daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, harshen jami'in da ke tsayar da kai ya koma Faransanci sannan ya dawo Turanci. Da muka shirya kai iyali hutu Gana da motarmu, wannan ɗan yankin na bakin teku shi ya cinye mafi yawan shirin. Doguwar hanyar cikin Najeriya, ta Kaduna da Abuja da Lokoja da Ibadan, kowa ya san halinta: a fita da sassafe, a yada zango kafin magariba, kada a yi tafiyar dare.

Mai kallon taswira daga Kano zai ga kamar ta Nijar da Burkina Faso ta fi kusa. Ban ba kowa shawarar bin ta da iyali ba a yanzu. Ƙasashen biyu da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma matsalar tsaro a wannan yankin ba ɓoyayya ba ce. Ta bakin teku muka bi: Badagiri, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Akra.

Da takardu na fara, wata guda kafin ranar tashi, domin su ne ba sa gyaruwa a kan hanya. Ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza. Yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar shiga ya zauna har kwana 90. Amma kowane mutum a motar, har jariri, sai da fasfonsa ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, kuma ya zama akwai sauran aƙalla wata 6 kafin wa'adinsa ya ƙare. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin ɗorawa saboda launinsa, da ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a ido na doka sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi komai ba. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma ana yi wa yaro daga wata 9. A dukkan iyakokin uku an nemi wannan katin, wani lokacin tun kafin a nemi fasfo.

Na direba da na mota sun fi yawa. Lasisin tuƙi na gida wanda bai mutu ba, tare da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Na biyun ɗan littafi ne da ke fassara na farko zuwa wasu harsuna, ba ya aiki shi kaɗai, tare ake nuna su. Akwai kuma takardar shaidar mota ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ɗauke da lambar mota da ta shasi da ta inji da sunan mai ita. Sai takardun da aka saba: shaidar mallaka, lasisin mota na shekara, takardar lafiyar mota, da takardun kwastam na fiton motar lokacin da ta shigo Najeriya. A karɓe su duka a ofishin hukuma. Na bakin titi suna kama da na gaske har ranar da aka buga lambarsu a kwamfuta.

Kafin in tashi na buɗe gaban mota na karanta lambar shasi harafi bayan harafi, ina gwada ta da abin da ke rubuce a kowace takarda. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, suna kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Mai buga takarda kan sa 8 a gurbin B, ko 5 a gurbin S, a gida babu wanda ya lura shekara da shekaru. Jami'in kwastam na wata ƙasa kuwa aikinsa ke nan, domin hanyar nan ta yi suna wajen safarar motocin sata. Wanda ya taɓa sauya inji ya fi kowa shiga haɗari: lambar injin da ke cikin motar ba ita ce a takarda ba. Ya je a gyara takardar, ya riƙe rasit ɗin sayen injin. Idan kuma motar da sunan wani take, ko mahaifinka ne ko kamfanin da kake wa aiki, sai ka riƙe takardar izini daga mai ita, da rantsuwar kotu da kwafin katin shaidarsa. Irin cinikin da muke yi na sayen mota a ci gaba da hawa da sunan mai ita na farko ba ya tsallake iyaka lafiya.

Inshorar Najeriya ita kaɗai ba ta biyan ɓarnar da ka yi a Togo. Abin da ke biya shi ne katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, tsarin da aka kafa a 1982. Tun Janairun 2023, lokacin da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida ya koma naira 15,000, aka haɗa wannan katin a cikinta. Sai dai jami'in kan iyaka takardar yake so ya gani a hannunsa, ba bayani ba, saboda haka na sa kamfanin inshorar ya fitar mini da ita, na duba ranar farawa da ta ƙarewa sun rufe dukan tafiyar har da dawowa. A kuma fahimci iyakarta: tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne, rauninsa ko motarsa ko dukiyarsa. Taka motar ba ta ciki.

Kowace takarda na yi mata kwafi 5, na ɗauki hotonta a waya. Na asali suna jaka ɗaya a hannuna, ba a aljihun mota ba.

Motar kuma sati biyu kafin tafiya ya kamata ta je wurin bakanike, don a samu kwanakin gwada ta a gari. Kayan da aka ɗaura jiya ba a gwada su a dajin Okene. An sauya baƙin mai da matatarsa, da matatar iska da ta fetur. An duba takalman birki da man birki. Man birki yana shan danshi, idan ya tsufa sai ya tafasa a doguwar gangara, ka taka ka ji birkin ya tafi ƙasa. Lagireto aka wanke aka zuba masa ruwan sanyaya inji na gaske, ba ruwan famfo da ke cin ƙarfe ba, aka tabbatar fanka tana tashi da kanta. Cunkoson Legas da na shiga Akra shi ke tona asirin fanka mai rauni, domin motar na tsaye, inji na aiki, iska ba ta shiga. Taya kuwa a duba shekarunta, ba zanenta kaɗai ba. A gefen kowace akwai lambobi 4: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Wadda ta haura shekara 4 ban yarda in ɗora mata iyali da kaya a kwalta mai zafi ba. Awon iskar da ya dace yana rubuce a ginshiƙin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Mai faci zai so ya cika ta har ta yi tauri. Kada a bar shi. Safaya ma taya ce, a auna ta.

A bayan mota na ajiye jak da sifanar taya da na gwada da hannuna, fanbel ɗaya, fis-fis na wuta, ƙwan fitila, wayar tayar da batir, igiyar ja, lita 4 na baƙin mai, lita 5 na ruwa da tocila. Akwai kuma waɗanda doka ke nema kuma ake tambaya a shinge: alwatikar gargaɗi mai ƙyalli, gara guda 2, tukunyar kashe gobara wadda allurarta ke kan kore kuma wa'adinta bai wuce ba, da akwatin taimakon gaggawa. Baƙar ledar da aka manna a gilasan gaba na sa an ɓare ta. Izinin gilashi mai duhu na 'yan sandan Najeriya a Najeriya ya tsaya.

Jarkar fetur kada ta shiga motar. A bakin iyaka sunanta fasa-ƙwauri, kuma a 2019 gwamnati ta taɓa hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mun cika tanki kafin mu bar Legas. Lissafin man ba wuya: Kano zuwa Akra kusan kilomita 1,500 ne, zuwa da dawowa 3,000, a ƙara 500 na yawon gari. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 tana buƙatar lita 350, kuma da kaya da na'urar sanyaya ɗaki a kunne sai a ƙara kashi goma cikin ɗari.

Daga Legas zuwa Seme kimanin kilomita 80 ne, amma shingayen bincike bayan Badagiri suna da yawa ƙwarai, a ba hanyar lokaci. Mun isa da hantsi, kuma haka nake ba kowa shawara. A Seme-Krake akwai ofishin haɗin gwiwa da aka buɗe a 2018, jami'an Najeriya da na Benin a harabar gini ɗaya. Tsarin iri ɗaya ne a kowace iyaka: lafiya su duba katin ɗorawa, shige da fice su buga hatimin fita da na shiga, 'yan sanda su rubuta motar a littafi, kwastam su ba ta takardar izinin shiga na wucin gadi. A ƙasashen Faransanci sunan takardar laissez-passer. Ita ce ran tafiyar. Kafin in bar tagar na karanta ta: lambar mota daidai, lambar shasi daidai, kwana nawa aka ba ni, ta wace iyaka aka rubuta zan fita. Yarjejeniya ta ce mota na iya zama har kwana 90, amma abin da aka rubuta a takardarka shi ne naka, kuma sau da yawa bai kai haka ba. Na kuma buɗe fasfon kowa na ga hatimin da idona, domin fasfon da ba a buga masa shiga ba zai zama rigima a wurin fita.

'Yan kamasho za su kewaye motar tun kafin ka kashe ta. Akwai masu amfani a cikinsu, musamman ga wanda ba ya jin Faransanci, amma a yi ciniki tun farko, kuma fasfo da takardun asali kada su bar hannunka. Ka bi shi taga-taga. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, a nemi rasit cikin ladabi. Gaisuwa kafin miƙa takarda tana rage rabin wahala. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoto a harabar iyaka ko a shinge, yara ma a gaya musu. Canjin kuɗi yana nan a bakin iyaka, kuma da yawan masu canjin Hausawa ne. Sefar Benin da ta Togo ɗaya ce, irin ta Nijar, amma ta Kamaru da Chadi daban take, ba a karɓarta. A nemi ƙananan kuɗi da sulalla saboda ƙofofin biyan kuɗin hanya, irin ta Ekpe kafin Kwatano da ta Ahozon a hanyar Ouidah. Katin bankin naira ba abin dogaro ba ne a waje.

Duka ƙasashen huɗu a hannun dama ake tuƙi. Najeriya ta koma dama a 1972, Gana a 1974, Benin da Togo kuwa dama can haka suka gada daga Faransa. Wannan ne ke sa direban Najeriya ya saki jiki, alhali akwai ƙa'ida ɗaya da ta saɓa wa abin da hannunsa ya saba. A tsarin Faransa, mahaɗar da ba ta da danja ko allo, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da titinsa ya fi naka ƙanƙanta. A shataletale wannan na nufin mai shigowa ne ke da hanya, kai da ke ciki kai za ka jira, sai fa idan an kafa alwatika mai kallon ƙasa a bakin shigar, ko allon da ke cewa Cédez le passage ko Vous n'avez pas la priorité. Idan akwai su, na ciki ne ke da hanya kamar yadda muka sani. Duka biyun suna nan a Kwatano da Lome, don haka a kowane shataletale na rage gudu, na nemi allon, na dubi abin da motar gabana ta yi. Sauran allunan da ya kamata a haddace kaɗan ne: Sens interdit ba a shiga, Ralentir rage gudu, Déviation an karkatar da hanya, Péage wurin biya, Douane kwastam. A gidan mai, essence fetur ne, gasoil kuma gas, wato dizal. A faɗa da baki, a kuma kalli bututun da aka ɗauko.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu, zemijan masu rawayar riga, sun fi motoci yawa nesa ba kusa ba, kuma a wasu manyan tituna an ware musu layinsu a gefen dama. Mota ba ta shiga wannan layin. Haɗarin yana wurin karya kwana zuwa dama, domin sai ka ratsa ta cikinsu: a kunna sigina da wuri, a dubi madubi, a waiwaya, a shiga a hankali. Gudun cikin gari kilomita 50 ne a awa. Yawancin motocinmu 'yan Amurka ne, manyan lambobin agogonsu mil ne ba kilomita ba. Kilomita 50 mil 31 ne, 90 mil 56, 100 kuma mil 62. Wanda ya ga allo ya ce 50 ya ɗora allura a kan babban 50 yana gudun kilomita 80 a tsakiyar gari. Na rubuta lambobin uku a takarda na manna kusa da sitiyari.

Fetur ɗin kwalba da ake jerawa a bakin titi, wanda suke kira kpayo, ya fi arha, amma ruwa da dattin da ke cikinsa suna toshe matata su kashe famfon mai. A gidan mai muka sha.

Daga Kwatano zuwa iyakar Hillacondji kusan kilomita 100 ne, kwalta mai kyau, ta Ouidah da Grand-Popo. Ouidah ta cancanci a tsaya. Daga bakin tekunta aka yi ta lodin bayi zuwa nahiyar Amurka, kuma ƙofar tunawa da su tana nan a gaɓar. Mai neman masallaci da abincin da ya saba ya tambayi unguwar Zongo a Kwatano, zai ji Hausa ta ko'ina. Da ka tsallaka Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana. A gyara shi saboda lokutan salla da na rufe ofisoshi.

Togo ta bakin teku ba ta fi kilomita 55 ba, daga Aneho zuwa Lome, amma sai an yi mata cikakkun takardu kamar kowace ƙasa. Wurin lura shi ne kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome, inda tireloli ke fitowa jere. Tirela mai karya kwana tana buɗewa hagu kafin ta shiga dama, kuma wanda ya cusa kai ta damanta direban ba ya ganinsa. Iyakar Gana a cikin birnin take, titin bakin teku yana ƙarewa ne a ƙofar Aflao. Cunkoson mutane a nan ya fi na sauran, kuma ba wurin isa da dare ba ne. Mun kwana a Lome muka tsallaka da safe.

A Gana Turanci ya dawo, shataletale ya koma yadda muka saba, amma bin doka ya fi tsanani. Dokar hanya ta 2012 ta sa kilomita 30 a kusa da makaranta da asibiti da kasuwa, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a babban titin Tema zuwa Akra. 'Yan sandan hanya suna tsayawa da na'urar auna gudu, galibi a bakin ƙauyuka inda 90 ke faɗowa 50 ba tare da kwaltar ta sauya ba. Da ka ga allon sunan gari, ɗaga ƙafa. Ɗamarar kujera wajibi ce, riƙe waya ana tuƙi laifi ne, kuma laifin hanya a can yana iya kai mutum gaban alƙali, abin da zai cinye kwanakin hutun. Daga Aflao zuwa Akra kusan kilomita 190 ne, ta Akatsi da Sogakope, inda ake haye kogin Volta. Garuruwan hanyar cike suke da tudun rage gudu, wasu ba fenti, kuma mota mai kaya tana dukan ƙasa idan ba a hau su a hankali ba. Akwai shingayen kwastam a hanyar da ke neman takardar izinin motar, ta zauna kusa. Motocin haya da suke kira trotro suna tsayawa ba sigina duk inda fasinja ya ɗaga hannu, a ba su tazara.

Idan tsautsayi ya faru a kowace daga ƙasashen nan, kada a yi irin sulhun bakin titi da muka saba, a matsar da motoci a watse. A ajiye alwatika, a ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, a jira 'yan sanda su auna su rubuta rahoto, sannan a sanar da ofishin katin inshorar ECOWAS na ƙasar. Ba rahoton, ba biya. In akwai rauni, kai mutum asibiti shi ne gaba da komai, daga nan sai ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Lokacin tafiya ma a zaɓe shi. Daminar bakin teku tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, kuma Akra na fama da ambaliya a watan Yuni. Ruwan da ya kai rabin taya ba a shiga, domin inji in ya zuƙi ruwa sai an sauke shi. Nuwamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, sai dai makon Kirsimeti iyakoki na cika maƙil.

A Akra mun ajiye motar a masauki mafi yawan lokaci, muka riƙa shiga tasi zuwa Nima da Sabon Zongo da babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Hausar zango ta ishe ka ciniki da tambayar hanya. Tsohuwar hanyar fataken goro ce ta kai ta can tun kafin a shata waɗannan iyakokin. Motar ta yi amfani a fita zuwa Cape Coast da Elmina, kusan kilomita 150 yamma, da kuma Kumasi, kusan 250 arewa maso yamma, hanyar da manyan motoci suka yi wa yawa kuma ba ta son mai gaggawar wuce na gaba.

A dawowa, kowace takardar izinin mota sai an miƙa ta ga kwastam na ƙasar da ta bayar, a soke ta a rubuta cewa motar ta fita. Wanda ya wuce da ita a aljihu, a littafinsu motarsa tana cikin ƙasar har yanzu, kuma ranar da ya sake zuwa za a nemi tara ko kuɗin fito. Na ɗauki hoton kowace bayan an buga mata hatimin fita. Idan kwanakin za su ƙare kana ciki, a je ofishin kwastam a sabunta tun da sauran kwana biyu ko uku. Da muka iso gida an wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi saboda gishirin iskar teku, aka sake juye baƙin mai, aka duba daidaiton ƙafafu, domin tudun hanyar Aflao da ramukan Lokoja sun taɓa su.